Shagon hatsin da ya canza mudu

Ni mai sayar da kunun gyaɗa da ƙosai ce a Kafanchan, don haka wake da shinkafa ba abin wasa ba ne a wurina. Idan mudu ya gaza, ribata ce ta gaza. Akwai wani shagon hatsi a layin masu masara da nake so mata 'yan'uwana su sani, musamman masu sayen kayan girkin taron zumunta.

Da can na daina zuwa wurin mai shagon. An buga gindin mudunsa ya lotsa ciki, ga ido ya yi tozo, ka kai gida ka sake aunawa ka ga ya rage. Buhun wake kuwa, sabo a sama, mai ƙwari a ƙasa. Algus ke nan, kuma mutumin yana rera waƙa a ƙungiyar mawaƙan ikilisiyarsu. Wannan ya fi kuɗin ciwo a raina.

Bara, bayan girbi, ya zo har inda nake suya, riƙe da wake a leda. Ya ce, “Mama, na cuce ki a awo. Ban san adadin ba, ki faɗi abin da kike gani, in biya.” Ba ni kaɗai ba, ya bi tsofaffin masu cinikinsa ɗaya bayan ɗaya. Wasu sun ce dabarar jawo kasuwa ce. Ni ban yarda ba, domin mai dabara ba ya kiran kansa macuci a gaban mutane.

Abin da Littafi Mai Tsarki ke nema ke nan. A Luka 19, Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, bai tsaya ga baƙin ciki ba, ya yi alkawarin mayar da ninki huɗu ga duk wanda ya zalunta. Littafin Firistoci sura 6 ta ce wanda ya zambaci maƙwabcinsa ya mayar da abin, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar, sa'an nan ya kawo hadayarsa. Muna son tuban hawaye a gaban bagade, amma wanda zai taɓa aljihu muna gudunsa.

Yanzu fa? Mudu sabo ne, kuma yakan miƙo maka shi ka juya ka duba gindin. Ka zo da naka ma, ya auna da shi ba gardama. Yana barin ka zura hannu har tsakiyar buhu. Waken da na saya a watan jiya fari tas, bawonsa ya fita da wuri a surfe, ƙosai ya tashi. Idan masara ta bara ce, zai gaya maka kafin ka tambaya.

Farashinsa ya ɗan ɗara na maƙwabtansa, kuma ba ya yawan ba da gyara. Accarsa tana bukatar rairaya sosai, akwai yashi, na kuma gaya masa. Ba shi da yaro, saboda haka ranar da kasuwa ta cika sai ka yi haƙurin jira. Ku je da safe kafin ƙarfe 10, da kuɗi a hannu don ba shi da POS. Ranar Lahadi a rufe yake.