Kular ruwa mai famfo a wurin gini, ga ra'ayina bayan bazarar bana

Salamu alaikum ƴan uwa masu aikin rana, magina da leburori da masu walda da ƴan buga bulo. An sha tambayata zancen kular nan mai famfo da muke ajewa wurin gini can wajen unguwar Ali Ɗan Sofo a Maraɗi, wai ta ci kuɗinta ko dai ado ce kawai, to ga amsa kowa ya ji, ni dai na ce a saya, amma da sharaɗi.

Mai lita 20 ce, roba mai kauri, murfi na murɗawa, da ɗan famfo daga ƙasa. Babbar kasuwa na saye ta, kuɗinta bai wuce na ƴan buhunan siminti ba. Da safe mu cika ta mu jefa manyan ƙanƙara, ko ana ta ƙara ruwa sanyin na kaiwa azahar in dai ba a bar murfin buɗe ba, kuma wannan cikin Afrilu da Mayu ne fa, lokacin da zafin Maraɗi ke wuce digiri 40 har rodi ba ya taɓuwa da hannu. Da can bido muke ajewa, kafin rana ta take ruwan ya koma kamar na wankan jego, yaro na jin ƙishi amma ya kurɓa sau ɗaya ya aje. In ruwa na da sanyi kuwa ba sai ka ce ma kowa sha ba. Wani zai ce randa fa? Randa na da kyau, ba ta ma buƙatar ƙanƙara, amma ba ta hawa sama ranar zuba kankare, ba ta kuma jure jijjigar adaidaita daga wannan aiki zuwa wancan.

Aibinta akwai. Famfon ba shi da ƙwari, hannu mai siminti na murɗa shi kullum sai ya fara ɗiga, hannuwan ɗaukarta ma in tana cike sai ka tallabo ta daga ƙasa. Sannan lita 20 ba ta isa, don mai aikin ƙarfi cikin rana ana so ya sha kofi ɗaya kowane minti 15 zuwa 20, kusan lita ɗaya a awa kenan, ka ga mutum goma awa biyu sun tashi da ita. Ga ƙanƙara in an ɗauke wuta sai ta yi tsada ko ma a rasa ta, shi ya sa nake kama tawa tun dare wurin mai firiza.

Yanzu sharaɗin, kuma shi ne ya sa na zauna rubutun nan. Kula ba ta hana rana ta kayar da mutum in maigidan aiki bai san alamu ba. Farkon abin gumi ne sharkaf, ciwon kai, jiri, tashin zuciya, jijiyoyin ƙafa ko na ciki su riƙa ɗaurewa, fitsari ya yi kaɗan ya yi ja. Wannan a kai shi inuwa, a sassauta mishi kaya, ya riƙa shan ruwa kaɗan-kaɗan, in da hali ruwan SRO, wato garin gishiri da sukari na ƙunshi, ƙunshi ɗaya cikin lita ɗaya, ana samu kowace farmasi. In babu, sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali cikin lita ɗaya. Kuma ranar ya gama aiki kenan, a biya shi kuɗinshi cikakke don Allah, tsoron yanke kuɗi ne ke sa yara ɓoye ciwo.

Mai haɗarin shi ne in hankali ya fara gushewa. Mun gani da idonmu ga wani yaro da ya zo daga ƙauye bai daɗe da fara aiki da mu ba, yana ɗauke da kwanon kankare sai ya fara tangaɗi, babban magininmu ya ce kai yaro lafiya, ya ce Baba ba komai, amma maganar ta fito a karkace, yana neman tsani inda babu tsani. Jikinshi zafi rau. Wasu har sun fara cewa iska ce, a nemo mai ruƙiyya. Muka kwantar da shi gindin bedi, muka cire rigar, muka juye mishi ruwan kular gaba ɗaya tun daga kai, ragowar ƙanƙarar aka naɗe a tsumma aka sa a wuya da hammata da matsematsi, mutum biyu na fifita da kwali, sannan aka sa shi mota zuwa asibiti ana ci gaba da jiƙa shi a hanya. Alhamdulillahi ya tashi. A irin wannan hali zafin jiki na kai digiri 40 ko fiye, yana taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda, kuma kar a ce ai yana gumi don haka da sauƙi, wani na gumi abin na cin shi. Wanda ba ya cikin hayyacinshi ba a ɗura mishi ruwa a baki, sai ya shaƙe. Parasitamol ba ya sauke wannan zafin. In babu mota a kira ƴan kwana-kwana a lambar waya 18, amma kar a zauna jiransu ba a sanyaya shi ba.

Sabon ma'aikaci jikinshi na ɗaukar sati ɗaya zuwa biyu kafin ya saba, a fara mishi da aiki mara nauyi. Mu kan fara da asuba mu tsaya in rana ta take, mu koma bayan la'asar, musamman in azumi ya faɗo cikin zafi, kun dai tuna na 2024 da garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5. Masu haɗiyar tramol don wai su ji ƙarfi kuma wallahi ina roƙonku ku bari, yana rufe maka gajiyar da ya kamata ta tsayar da kai.

In za ka saya, sa mai shago ya zuba ruwa a gabanka ka ga ko famfon na ɗiga, ka duba robar bakin murfi, ka ɗauki mai faɗin baki don hannu ya shiga wanki, a wanke ta da sabulu kullum da yamma. In mutanenka sun wuce biyar, biyu za ka saya, ɗaya ƙasa ɗaya sama.