Kayan da za ka saya kafin ka ɗauki keke zuwa kudancin Sifaniya a lokacin zafi

Duk wanda ya sha ranar Afrilu a Sakkwato ko Maraɗi yana ganin babu zafin Turai da zai ba shi tsoro. Ni ma haka na ɗauka, har sai da na bi hanyar Via de la Plata a watan Yuli, wadda ta tashi daga Sebiya (Ishbiliyar da ke cikin littattafan tarihinmu) ta ratsa Merida da Kaseres da Salamanka, tafiyar kusan kilomita 1,000 in za ka kai Santiyago. A gida idan rana ta take, gindin darbejiya muke nema. A kan keke kuwa kai ne da kwalta da tudu, ga kaya a baya. Kuma zafin nasu ba na wasa ba ne: ranar 14 ga Agusta 2021 an auna digiri 47.6 a La Rambla da ke lardin Kurɗuba.

Yawancin kayan zangon da ke shagunan Turai don sanyi da ruwan sama aka yi su. Kai kuwa iska da ruwan sha kake nema, don haka da wannan ma'aunin za ka duba komai.

Fara da tanti, domin nan mutane suka fi yin asarar kuɗi. Akwai mai bango ɗaya, mara nauyi, wanda mai shago zai yi ta yaba maka. Irinsa na fara saya, kuma daren farko a wajen Merida na kwana cikin gumi kamar an rufe ni a leda, na farka zufa ta jiƙa shimfiɗar. Wanda ya dace shi ne mai bango biyu: na ciki raga ce zalla kamar gidan sauro, na waje rufin ruwa ne da ake cirewa. Daren da babu hadari, ka kafa ragar kaɗai, iska na ratsa ka, sauro na kuka a waje. Ka tabbata kuma yana tsayawa da sandunansa ba sai an kafa turaku ba, domin ƙasar Ekstremadura, yankin da Merida da Kaseres suke, a Yuli ta bushe ta yi tauri kamar daɓe, na lanƙwasa turaku uku a dare guda. Mai cin mutum biyu da nauyinsa ke wajen kilo 2 ya ishe ka, har jakunkunanka su samu wuri.

Decathlon, kantin kayan wasanni, na da tanti mai suna Fresh & Black da ke mayar da hasken rana, cikinsa duhu da sanyi-sanyi. Yana da kyau ga mai mota da zai yi kwanaki a wuri ɗaya. Amma nau'in da ke buɗe kansa idan an naɗe shi yana zama kamar ƙaton faifai, ba inda za ka ɗaure shi a keke, kuma kai da za ka tashi tun asuba ba ka bukatar duhun rana. Ragar lilo da ake ɗaurawa tsakanin bishiyoyi ta fi komai shan iska, sai dai akwai filayen da za ka yi nisa ba ka ga bishiyu biyu kusa da juna ba.

Bargon barci mai kauri, bar shi a shago. Siririn mayafi da riga mai dogon hannu sun wadatar, saboda Salamanka tana kan tudu mai tsayin kusan mita 800, gab da asuba akan ji sanyi. Tsakanin katifar iska da tabarmar soso, ta iska ta fi daɗi, ta soso kuwa ƙaya ba ta san inda za ta huda ta ba. Na zaɓi soso.

Keken kansa ba sai mai tsada ba. Na ƙarfe ya fi na alminiyam nauyi kaɗan, amma in ya tsage kowane mai walda zai gyara, na alminiyam kuwa sai mai injin musamman. Abin dubawa biyu ne: akwai ramukan ɗaura kariya ta ɗora kaya gaba da baya, sannan giya mafi sauƙi tana da sauƙin gaske, wato ƙaramin faifan gaba ya yi daidai da babban na baya ko ma ya gaza shi. Hawan tudun Bejar, kafin a kai Salamanka, da kaya kilo 20 zai nuna maka dalili.

Inda ban yarda a yi rowa ba shi ne taya. Hanyar rabi tsakuwa ce, ka nemi mai faɗin milimita 40 zuwa sama. Schwalbe Marathon Plus tana da kariyar roba mai kaurin milimita 5 a ciki, nauyinta ya kusa kilo guda, kuma za ka ji nauyin a kowane tudu. Masu son gudu suna ƙorafi a kanta. Ni dai na gwammace nauyin da in tsuguna ina faci da ƙarfe uku na rana, bakin hanya babu inuwar ko sanda. Jakunkunan gefe irin na Ortlieb, biyu na cin lita 40, ba sa shan ruwa ko ƙura; masu arha ma suna aiki in ƙugiyarsu ba ta rawa.

Sai ruwa, wanda shi ne tafiyar gaba ɗaya. Kowace lita kilo ce, kuma a irin wannan zafi mutum na iya zubar da lita guda ta gumi cikin sa'a. Daga Karkaboso zuwa Aldeanueba, ta gaban tsohuwar ƙofar Romawa ta Kapara, kusan kilomita 40 ne da wuya ka ci karo da famfo. Gora biyu a jikin keke ba su isa ba. Jakar ruwa ta goyo tana sa ka sha a kai a kai, amma tana toshe bayanka, gumi ba ya bushewa. Na fi son jakar ruwa mai naɗewa ta lita 4 a kan kariya, da gorar ƙarfe ɗaya mai riƙe sanyi. Wata dabara irin ta randa: sa gorar roba cikin jiƙaƙƙiyar safa, iskar tafiya za ta sanyaya ta. Ƙwayoyin gishirin da ake sayar wa 'yan wasa suna da tsada, alhali ruwan gishiri da sukari da iyayenmu mata suka sani, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita guda, yana maye abin da gumi ya kwashe.

Murhun gas kuwa ban ba da shawarar sayensa ba. Ba a shiga jirgi da tukunyarsa, kuma a Andalus, yankin da Sebiya take, an hana kunna wuta a daji daga 1 ga Yuni zuwa 15 ga Oktoba. Kafa tanti a inda ka ga dama ma haramun ne a yawancin yankunan ƙasar, sai a filin zango mai rajista. Kuɗin murhun ka ƙara a kan fitilar keke mai ƙarfi, domin a cikin duhun asuba za ka riƙa kama hanya, ka sauka kafin ƙarfe ɗaya. Ka sayi burodi da kifin gwangwani da tumatir kafin biyu, lokacin da shagunan ƙauye ke rufewa sai wajen biyar na yamma.