Rushewar Haikali: Yusebiyus da Iraniyus, wa ya ce me?

Ɗan'uwa, tambayar da ka jefo a guruf ita ce wai Kiristocin farko sun ɗauki annabcin Yesu da ke Matiyu 24 a matsayin abin da ya riga ya cika ne ko kuwa yana gaba. To gaskiya bakinsu bai zo ɗaya ba, bari in ajiye maka mutum biyu gefe da gefe ka gani.

Inda babu gardama tukuna. Yesu ya ce ba za a bar dutse a kan ɗan'uwansa ba a Haikalin Urushalima, Yahudawa suka yi wa Roma tawaye a shekara ta 66 miladiyya, a ta 70 Titus ɗan sarki Besfasiyan ya kewaye Urushalima da sojan Roma aka ƙone Haikalin. Har yau akwai ƙofar tunawa da Titus a Roma, an sassaƙa sojoji ɗauke da alkukin nan mai rassa bakwai a kafaɗa. Rigimar tana kan abin ƙyamar nan da annabi Daniyel ya ambata, wanda Yesu ya ce in kun gan shi a tsattsarkan wuri ku gudu kan duwatsu.

Yusebiyus bishof na Kaisariya, farkon ƙarni na 4, shi a wurinsa magana ta ƙare tun 70. Ya ɗauko littafin Yosefus, Bayahuden da ya ga yaƙin da idonsa, yana jera labarin yunwar da aka yi cikin birni kusa da kalmomin Yesu, har da matar nan da yunwa ta sa ta ci ɗanta, yana cewa ga annabci ga cikarsa. Shi ne kuma ya kawo labarin cewa masu bi na Urushalima sun samu gargaɗi suka fice zuwa Fella a hayin Urdun kafin abin ya rutsa da su. Kuma yana da madogara mai ƙarfi, don a daidai wurin da Matiyu da Markus suka ce abin ƙyama, Luka 21:20 cewa ya yi in kun ga sojoji sun kewaye Urushalima. Agustin bishof na Hippo ma daga baya da wannan ayar ta Luka ya warware wurin. Abin da ban bi Yusebiyus a kai ba shi ne yadda ya ɗora komai a kan Yahudawa gaba ɗaya wai hukuncin kashe Yesu ne, alhali Yesun da manzanninsa da waɗanda suka gudu Fella duk Yahudawa ne.

Iraniyus kuwa, bishof na Liyon a Faransa ta yau, ya rubuta nasa wajen 180, kenan ya riga Yusebiyus da fiye da shekara 100, kuma shi bai musa rushewar 70 ba, amma abin ƙyamar sai ya haɗa shi da 2 Tasalonikawa 2:4, mutumin nan da zai zauna cikin haikalin Allah yana ce shi Allah ne, ya ce Magabcin Almasihu ne zai zo ya zauna a haikali a Urushalima ya yi mulkin shekara 3 da wata 6 sannan Ubangiji ya dawo. Hifolitus, wani malamin ikilisiya na Roma, ya bi sahunsa, ya yanke mako na ƙarshe cikin makonni 70 na annabcin Daniyel 9 (kowane mako shekara 7 ne) ya kai shi ƙarshen zamani. Kilemen na Iskandariya da Tartuliyan, su ma malaman ikilisiyar farko, su kuma lissafin makonninsu a zamanin Besfasiyan ya tsaya.

To ka ga matsalar Iraniyus: yana maganar zama a haikali alhali haikalin kango ne a lokacinsa, dole sai an sake ginawa kenan. Matsalar Yusebiyus kuma, babin nan ɗaya na Matiyu 24 ya ci gaba da maganar zuwan Ɗan Mutum cikin gajimare, wanda shi ma bai ce ya auku a 70 ba. Ni dai a kan ayar gudu kan duwatsu ina tare da Yusebiyus, don umarni ne ga mutanen Yahudiya, har da cewa ku yi addu'a kada gudunku ya zo da damuna ko ran Asabar.

A 363 sarkin Roma Yuliyan ya ba da izini a sake gina Haikalin, aiki ya tsaya bai je ko'ina ba, shi ma ya mutu a yaƙin Farisa a shekarar. Yahaya Kirisostom, mashahurin mai wa'azin Kirista na ƙarnin nan, ya riƙa kawo wannan a wa'azi a matsayin shaida cewa maganar dutse a kan dutse tana nan daram.