Busasshen kiranberi na butiki, na gwada shi da soyayyen naman rago

Ƴan uwa masu tambayata kan sashen kiranberi ɗin nan da ake gani a manyan butikai, ga abin da na gani. Ɗan itace ne ja ƙarami, ba ya fita ƙasarmu, Amurka da Kanada suka fi nomanshi, jihar Wisconsin ta Amurka ce kan gaba, daga Satumba zuwa Nuwamba ake girbi har cika gonar ake da ruwa ƴaƴan su taso sama don akwai iska cikinsu. Can Amurka ɗanye suke niƙa shi da lemun zaƙi guda har ɓawon, a zuba sukari, ba a ɗora shi a wuta ko kaɗan, a sa firgo ya kwana sai a ci da talotalo ranar bikin godiyarsu, Alhamis ta huɗu ta Nuwamba. Leda mai gram 340 tana shan sukari kusan kofi guda, don tsaminshi ba wasa ba.

To mu nan Maradi busasshen ne ke iso mu, kuma tun daga kamfani an shayar da shi sukari, ku juya bayan sashen ku karanta, har ɗan mai ake shafa mishi don kar ya manne. Laushi gare shi kamar dabino, launi kuwa masha Allah. Amma tsamin da ake nema don ya yanke maiƙon nama, wallahi ya tafi, ɗan kaɗan ya rage a bayan harshe.

Abin da ya gyara mini shi soborodo ne. Na jiƙa kiranberin cikin ruwan lemu kamar awa ɗaya ya kumbura, na wanke soborodo cikin hannu guda sosai saboda rairayi na jiƙa da ruwan ɗumi ya yi laushi, sai ɗanyar citta ƴar kaɗan da lemu rabi, na cire ƴaƴan da farin cikin ɓawon don ɗaci, na zuba a mikser ina kunnawa ina kashewa, kar ku bari ya yi luƙui, ana son haƙori ya riƙa jin gutsattsarin. Sukari ko cokali ban ƙara ba. Da ya kwana ya kama jikinshi, ja jawur yana ƙyalli, cokali guda gefen soyayyen naman rago mutum ya ci nama bai ji ya gundure shi ba. Da gasasshen zabo ma ya tafi daidai.

Tsada dai akwai ta, kuɗin sashe ɗaya zai cika miki leda da soborodo a babbar kasuwa har da canji. Don baƙin sallah zan sake saye, na yau da kullum kuwa soborodo da lemu sun ishe ni. In za ku saya ku duba ranar lalacewa, ku matsa sashen ku ji, in ya dunƙule wuri ɗaya ya yi tauri zafi ya taɓa shi a kanta, ku ce a canza muku.