Montague da aka gyara ko Hardy da ba a taɓa ba?

Ɗan'uwa, ka ce ka ga tsofaffin sandunan fatsa guda biyu a gwanjon intanet, duka na gora, kuɗinsu kusan ɗaya. Ta farko Montague ce ta Amurka, an gyara ta tsaf tana sheƙi. Ta biyu Hardy Palakona ce ta Ingila, launinta ya dushe, ba wanda ya taɓa ta. Kana tambayar wacce ta cancanci kuɗinka.

Asalinsu ɗaya ne. Ana tsaga gora a fere sili shida, a manne su da gam su zama sanda mai kusurwa shida. Gorar da aka fi so ita ce ta Tonkin, daga lardin Guangdong na Sin. Da Amurka ta sa wa Sin takunkumin ciniki a 1950, samun gorar ya yi wuya a can, ga sandunan zaren gilashi masu arha sun shigo, sai sana'ar ta ja baya. Shi ya sa mutane ke ɗauka duk sandar gora dukiya ce, alhali ba haka ba ne.

Montague kamfani ne da ya riƙa fitar da sanduna jibgi guda don mai ƙaramin ƙarfi, kamar kamfanin Horrocks-Ibbotson. Yawancinsu yau ba su wuce 'yan goma-goman daloli ba. To, dubi aikin mai gyara: ya kankare tsohon man sheƙi, ya warware zaren silikin da ya ɗaure kowane zoben da igiyar fatsa ke bi ta ciki, ya sake naɗawa zagaye bayan zagaye, ya shafa sabon mai shafi-shafi yana jiran kowanne ya bushe. Aikin kwanaki ne, kuma ladansa kan fi kuɗin sandar. Kuɗin da ake nema a wurinka na gumin mai gyara ne. Ran da ka tashi sayarwa, mai saye suna zai duba, ya taya ka farashin Montague.

Hardy kuwa gida ne mai suna, tun 1872 suke garin Alnwick. Sandarsu ma ba ta kai sahun na Payne ko Garrison ba, shahararrun maƙeran sandunan gora na Amurka, waɗanda ake sayen nasu dubban daloli saboda ƙarancinsu, amma darajarta ba ta faɗuwa da sauƙi. Masu tara irin waɗannan kaya sun fi son ta da tsufanta: zarenta na asali, rubutun da ke jikin gorar kusa da mariƙi, jakar ƙyallenta, da lambar da ake gane shekarar ƙira da ita. Kankare sanda mai suna rage mata kuɗi yake yi, ko da ta fi kyau a ido.

Sai dai kafin ka biya, ka sa mai sayarwa ya jera gaɓoɓinta a ƙasa ya ɗauki hoto. A yawancin irin waɗannan sanduna tsawon gaɓoɓin ɗaya ne; in tsinin ya gaza ko da inci biyu, ya taɓa karyewa, kuma kuɗinta ya zube sosai. Ka tambaya ko silin gorar sun fara rabuwa, ko ƙarfen da ke haɗa gaɓoɓin yana ƙas-ƙas in an girgiza ta. Ka kuma duba tsawonta: gajeru, ƙafa 7 zuwa 8, sun fi kasuwa, dogayen nan masu nauyi ba a cika nemansu ba.

Ni dai Hardy zan ɗauka in gaɓoɓinta sun cika. In kuwa burinka ka je bakin ruwa ranar Asabar, Montague ɗin za ta yi aiki, amma ka taya ƙasa. Kuma in gida za ka kawo ta, kada ka bar ta cikin mota a rana, zafi na sa tsohon gam ya saki; an kuma ƙera yawancin irin waɗannan sanduna ne don ƙananan kifayen rafukan ƙasashe masu sanyi, giwan ruwa zai iya karya maka ita tashi ɗaya.