Jan biro ko baki da baki: wanne ya fi gyara rubutun ɗalibi?

Malama, kin ce kin raba wa 'yan aji uku na jami'a ƙananan furojet, kina tambaya ko gyaran jan biro ya fi, ko zaunar da su a yi bayani da baki. Aikinsu ba ɗaya ba ne.

Jan biro gwani ne a duk abin da ke da ƙa'ida: waƙafi, jimlar da ta yi tsawo, ambaton majiya a tsarin APA, wato sunan marubuci da shekara. Yana nan a takarda, ko bayan wata uku ɗalibi zai koma ya duba. Sai dai abin da yawancinmu ke rubutawa a gefen shafi bai wuce "a faɗaɗa" ko "ba a gane ba". Yaro ya gyara waƙafin, tunanin kuwa yana nan yadda yake.

Tunanin shi ne wurin baki. Dubi babi na biyu, inda ɗalibi ke jero wane ya ce, wance ta ce, har shafi goma, nasa ra'ayin babu. Ba mamaki, rabonsa da darasin rubutu tun GST 111, kwas ɗin Turanci na aji ɗaya. Ki sa ya rufe takardar, ki ce, "Me kake son ka nuna?" Sau da yawa abin da zai faɗa, ko da Hausa ne, ya fi abin da ya rubuta tsari. Nan take ki ce masa wannan za ka rubuta. Ga shi kuma yana sabawa da kare aikinsa tun kafin ya tsaya gaban mai jarrabawa na waje, wato malamin wata jami'a, a aji huɗu.

Aibin baki biyu ne. Yana cin lokaci, sannan kunya tana sa ɗalibi ya yi ta "to, Malama" alhali bai gane komai ba. Don haka kada ya tashi sai ya rubuta gyara uku da hannunsa ya karanta miki.

Ni dai daftarin farko baki nake ba shi, jan biro sai a na ƙarshe, don ɓata tawada ne gyaran waƙafi a sakin layin da za a goge. In ajin ya yi yawa, ki haɗa su biyar-biyar, ki tura wa kowane rukuni saƙon murya ta WhatsApp, kina ambaton lambar shafi kafin kowane gyara.