Mai aikin alminiyam ya miƙe min rufin ƙaramar tashar jirgina

Duk mai ajiye ƙaramin jirgin ƙasa na sha'awa a tsakar gida a Katsina ya san rana ta fi ruwan sama yi masa ɓarna. Nawa irin na lambu ne, mai layi mai faɗin milimita 45, samfurin LGB da kamfanin Lehmann na Jamus ya fito da shi a 1968. Tashar kuma ta roba ce, wadda ake sayowa gunduwa-gunduwa a haɗa. Na raɗa mata Daura saboda layin Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, wanda zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya.

A bazarar bana, da zafin Afrilu ya haura digiri 40, rufin ya kanannaɗe kamar ganda a wuta. Tsakiya ta lotsa, gefuna suka ɗaga, har jikokina suka daina tsayar da jirgin a wurin. Abin ya dame ni ƙwarai.

Wani matashi mai haɗa tagogin alminiyam a wajen Ƙofar Ƙaura na kai wa. Da ya juya rufin a hannu sai ya ce, "Baba, ko na miƙe shi, in ba ƙashi a ciki zai koma." Nan hankalina ya kwanta da shi.

Bai kusantar da shi ga wuta ba. Ruwan zafi ya zuba a tire, wanda bai kai ga tafasa ba, ya tsoma rufin har robar ta yi laushi, sannan ya matse shi tsakanin tayil biyu, ya ɗora bulo ya bar shi ya kwana. Washegari ya yanko ragowar alminiyam mai kusurwa, ya goge cikin rufin da sanfefa don gam ya samu wurin kamawa, ya manna ƙarafan a tsaye da kwance da gam ɗin nan mai bututu biyu da ake gaurayawa, marar saurin bushewa. Ya ƙi gam ɗin kyandir, ya ce shi ma rana narkar da shi take yi. Abin da ya fi burge ni shi ne 'yan hujojin da ya yi a ƙarƙashin indararo. Gini a rufe ruf yana tara zafi a ciki, robar na gasuwa ta sama da ta ƙasa. Shi ya kuma ba ni shawarar in bar baƙin fenti, muka fesa mai launin kwano, wanda ke mayar da hasken rana.

Inda ban ji daɗi ba, gam ya ɗan tsattsafo a gefe guda, kuma zanen da ke jikin rufin ya shafe a inda bulo ya fi dannawa. Sai an sunkuya ake gani, amma ni ina gani. Ya kamata a ce ya shimfiɗa tsumma kafin ya matse.

Rufin ya ƙarasa watan Mayu a fili, ya sha damina, bai motsa ba. Kuɗin aikin bai kai na sabuwar tasha daga waje ba, ko kusa. Rumfar fasinjoji da ɗakin mai ba jirgi hannu ma shi zan kai wa ya sa musu ƙashi kafin Maris, wannan karon da tsummana a aljihu.